Sunan Yayan Sabo

Sunansa Halliru. Mu da ba aurensa muke yi ba muna iya faɗa da rana tsaka, ko a tsakiyar kasuwar Juma'a in ta kama. Safara'u kuwa, tun ranar da aka ɗauko ta daga Lajawa aka kawo ta gidansu a Wudil, sunan nan bai taɓa bi ta bakinta ba. In da surukarta Inna Hansai take magana, sai ta ce “shi”. In da ƙaninsa Sabo ne, sai ta ce “yayanka”. A firamaren da take koyarwa akwai mai irin sunan a ajinta, kullum in ta zo kansa a kiran suna sai ta ce “mai sunan Malam”, ya amsa, a wuce gaba. Ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki a ciki, don haka uwarta ta yi, haka kuma matan unguwar suke yi.

Auren so suka yi, kada wani ya kawo wani tunani. A tashar mota ya fara ganinta tana jiran motar Lajawa da littattafai a ka, ya bi sawu har ƙofar gidansu. Wata biyar kacal suka yi a ɗaki ɗaya, sai gwamnatin jiha ta kwashi samari ta tura ƙasashen Turawa su koyo aikin madatsun ruwa, har da shi a ciki. Lokacin ne man fetur ya ɗaga ƙasar nan sama, kowa gani yake gobe zai wayi gari da kwalta har bakin zaurensa. Ƙasar da aka kai shi suna gare ta mai karya harshe, mutanen gidan ba su wahalar da kansu ba, “can ƙasar sanyi” suke cewa. Aka ce shekara huɗu ne, kuma ba zuwa gida sai an gama, don hutun ma a gonakin gwaji ake cinye shi.

Safara'u ta yi shekara biyu tana haƙuri. Kewarsa take yi, kewa mai tsanani, irin wadda ba ta da wanda za ta gaya wa a gidan. Wasiƙa takan zo duk wata, a takardar jirgi mai launin shuɗi, da sunan Sabo a bayanta. Sabo malamin gona ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, amma har gobe bai bar tsokanar matar yayansa ba. Yakan zauna a tsakar gida ya karanta wa kowa: a gaida Inna, a gaida Kawu na Indabo, a gaida liman da ladan, a tambayi lafiyar saniyar da ta yi ɓari. Sai can ƙasa, inda takarda ta kusa ƙarewa, a ce “a gaida mutanen gida”. Nan Sabo yake ɗaga kai ya kalle ta.

“Mutanen gida, an gaishe ku.”

“Muna amsawa,” takan ce, ta tashi ta shige madafa kamar tuwo na ƙonewa. Kalma uku ne rabonta a wata, kuma ta san duk sauran wasiƙar hanya ce aka bi don a iso gare su.

A damina ta uku wasiƙa ta zo da sabon zance. Makarantar ta ba ɗalibai masu aure ɗakuna, wasu sun kawo matansu. In hali ya yi, a duba yiwuwar turo mutanen gida. Bayan kwana biyu Inna Hansai ta ce a je a gaya wa baban yarinya. Baban ya ce mace gidan mijinta take, ko a bayan teku yake. Aka je Kano aka yi fasfo, aka ɗauki hoton da ta fito a ciki kamar an tsorata ta. Saura biza, ita kuwa a Kaduna ake bayarwa, a ofishin jakadancin ƙasar.

Suka kwana a Tudun Wada gidan wata 'yar'uwar Inna, da sassafe suka isa. Gaban ofishin akwai dalbejiya, a gindinta masu tafireta sun jera tebura suna cika wa mutane fom. Suka faɗa hannun wani Ɗantani, mutum mai fensir a bayan kowane kunne, wanda yake magana kamar shi ya gina ofishin.

“Ƙofofin da yawa, Malam, sai wadda kuka zaɓa,” ya ce da Sabo, ko kallon Safara'u bai yi ba. “Akwai ta ziyara, wata uku ta gan shi ta dawo, amma sai kun nuna musu abin da zai dawo da ita. Akwai ta karatu, in kun samo mata makaranta a can, ko ta koyon ɗinki ce. Akwai kuma ta matar ɗalibi, ta zauna har ya gama. Wannan ita ce mai daɗi, ita ce kuma mai wuya, don sai sun yarda auren aure ne.”

“To da mene ne?” in ji Sabo.

“Ni dai in kun bi ta tawa, a rubuta ƙanwarsa ce za ta ziyara. Ƙanwa ba ta da tambaya. Jiya ma na fitar da ƙanne biyu, ɗaya har da goyo.”

Ran Safara'u ya ɓaci. An tara mutanen gari biyu, an raba goro, an yi fatiha, mata sun rako ta da guɗa har gadar Wudil, ta zauna shekara biyu tana daka wa uwarsa fura, sai yau wani mai fensir a kunne zai mayar da ita ƙanwa da yatsu biyu.

“Malam,” ta ce, “rubuta matarsa.”

Ɗantani ya ɗaga kafaɗa, ya zura takarda. Sabo ne ya yi ta ba shi amsa, shi ya faɗi sunan yayansa da na mahaifinsu, yana yi yana cije baki don shi ma bai saba ba.

Ciki sanyi ne kamar randa. Aka hana Sabo shiga, aka ce mai fasfo kaɗai. Bayan gilashi wata Baturiya ce zaune, tabarau na rataye a wuyanta da sarƙa, gefenta kuma tafinta, Bahaushe, ya sha kwat duk da zafin da ake yi a waje. An rubuta sunansa a wani ɗan katako, Dalhatu. Safara'u ta ji daɗin ganinsa. Ta gaishe shi, ta tambayi gajiya da iyali, ya amsa da kai kawai, yana duban agogo.

Aka ce ta kawo shaidar aure. Ta miƙa takardar da alƙalin Wudil ya rubuta. Baturiya ta duba kwanan wata, ta ce me ya sa aka yi aure shekara biyu da rabi da suka wuce amma takardar ta watan jiya ce. Safara'u ta ce ai da ba a bukace ta ba, kowa ya san an yi. Aka rubuta wani abu.

Aka ce hoton biki. Ta fito da guda ɗayan da ke akwai, wanda wani mai hoto daga Kano ya ɗauka ranar ɗaurin aure: maza cike da ƙofar gida a kan tabarmi, an ɗaga hannu ana addu'a.

“Ta ce nuna mata ke a ciki,” in ji Dalhatu.

“Ni ina cikin gida, a lulluɓe. Me zai kawo ni cikin maza?”

“To nuna mata angon.”

“Ba ya nan. Yana gidan abokinsa. Ga waliyyina, ga wakilinsa, wannan mai rawanin shi ya ɗaura.”

Baturiya ta sa tabarau, ta kusanto da hoton, ta nisanta shi. Aure ba amarya ba ango. Aka ƙara rubuta wani abu, wannan karon da ɗan tsawo.

Sai wasiƙu. Safara'u ta kwance ɗankwalin da ta ƙulle su a ciki, guda ashirin da shida, ba wadda ta ɓata ko ta yage. Dalhatu ya ɗauki uku ya fassara a tsaye. Ta ji shi da ɗan Turancinta na horon malamai yana ambaton liman, yana ambaton saniya. Baturiya ta tambayi inda sunan matar yake. Ya juya gaba, ya juya baya, ya ce babu. Ya san inda take a cikin takardar, wallahi ya sani, duk Bahaushen da ya taɓa riƙe wasiƙa ya san su wa ake nufi da mutanen gida. Amma ya fassara shi da mazauna gidan, ya ajiye.

Daga nan Baturiya ta ɗora tafin hannunta a kan fom, ta rufe rubutun, ta dubi Safara'u ido cikin ido.

“Ta ce mene ne sunan mijinki.”

“Yana nan a rubuce, ƙarƙashin hannunta.”

“Daga bakinki take so.”

Safara'u ta sunkuyar da kai. “Malam ne.”

“Malam wa?”

“Yayan Sabo. Sabon yana waje, a kira shi ya faɗa.”

“Ke, baiwar Allah, nan ba ƙauye ba ne,” Dalhatu ya ce ƙasa-ƙasa. “Faɗi kawai mu sallame ki, akwai mutane a layi.”

Ta so ta faɗa. Sunan yana nan a kan harshenta, ta san shi fiye da nata, ta sha juya shi a zuci tana tankaɗe. Amma bakin ya ƙi. Ta dubi Dalhatu, tana jira ya juya ya yi wa matar bayani, magana ce ta numfashi biyu: a wurinmu matar kirki ba ta kiran sunan mijinta, shirun nan da kike gani shi ne shaidar. Bai yi ba. Ya gyara wuyan kwat, ya ce da Baturiya ba ta amsa ba. Kunyar mutanensa yake ji a gaban baƙuwa, ya gwammace a ɗauki Safara'u maƙaryaciya da a ɗauke shi ɗan garin da ake irin wannan.

Hatimin ya sauka a shafi na biyar na sabon fasfo. Aka haɗa mata da 'yar takarda mai cewa ofishin bai gamsu akwai aure tsakaninta da mutumin da aka ambata ba.

A mota Sabo ya yi ta faɗa tun daga Kaduna har Kwanar Dangora, fasinjoji na taya shi. Ita kuwa kanta na sunkuye. Sai da suka sauka Kano suka hau ta Wudil, suka zo daidai sansanin Turawan da ke aikin hanya, sannan ta ɗaga kai. Gidaje ne farare a cikin waya, da injin wuta na ruri. Wata Baturiya na zaune a baranda da gajeren wando, karenta a gefe, mijinta na tsaye yana shan wani abu a gwangwani.

“Sabo, waccan wa ya tambaye ta hoton bikinta?”

“Wa zai tambaye ta? Ai har filin jirgi aka je aka ɗauko su da mota.”

“Karen fa? Shi wace ƙofa ya bi, ta ziyara ko ta karatu?”

Motar ta kwashe da dariya. Ita ba dariya take ba, ranta ne yake tafasa. A shekarun nan ba irin mutanen da ba su shigo ƙasar nan ba, masu hanya, masu rijiya, masu sayar da kajin ƙanƙara, kowa da matarsa ko wadda ya ce matarsa ce, aka ce musu sannu da zuwa. Ita da aka ɗaura nata a gaban mutum ɗari biyu, ita ce aka buga wa hatimin ƙarya.

Labari ya zaga unguwa kafin ta huta. Mata suka yi ta shigowa jaje, kowacce da shawararta. Wata ta ce a kai wa malami fasfon ya tofa. Wata ta ce ai da ta bi ta ƙanwar, da yanzu tana can. Matar liman kuwa cewa ta yi ta kyauta, mace ta gari kenan, Allah ya yi mata albarka. Safara'u ta amsa da amin, amma albarkar ba ta rage mata tsawon shekara biyun da suka rage ba. Sabo ya koma Kaduna shi kaɗai ya tambayi Ɗantani ko za a gwada ta ziyarar. Ɗantani ya ce wannan ƙofar ta rufe, wanda ya ce shi mata ne jiya ba zai dawo yau ya ce ɗan yawon buɗe ido ne ba. Ta karatu ma haka. Hanya ɗaya ta rage, a jira wata shida a sake neman ta matar ɗalibi, a zo da shaidar da ta fi ta da.

Ana nan sai ga wasiƙa, wannan karon da sunanta a baya, Malama Safara'u, ta hannun hedimasta. Ba ta taɓa samun tata ta kanta daga gare shi ba. Ta kai ta ɗaki, ta saki labule, ta karanta a tsaye. Ya kira ta da sunanta a layin farko. Ya ce ɗakin da aka ba shi yana da taga mai kallon wani kogi da bai kai na Wudil ba, ya sayi kofi biyu tun watan da ya aika a turo ta, ɗayan har yanzu bai taɓa shan komai a ciki ba. Ya ce in ba ta zo kafin ƙarshen sanyi ba za a karɓe ɗakin a ba wani mai mata. Sannan ya ce, “Don Allah in sun sake tambaya ki faɗa. Na yafe miki, ni ne mai sunan.”

Ta yi kuka a kan kofin. A kan “na yafe miki” kuwa haushi ta ji, har ta ninke takardar da ƙarfi. Wato shi a ganinsa tsoronsa take ji, izininsa take jira? Ba wanda ya taɓa ce mata kada ta faɗa. Abu ne nata, ita ta riƙe shi, kamar yadda mace ke ajiye kwalla mai kyau a ƙuryar ɗaki ba don an hana ta cin abinci a ciki ba. Kuma can cikin ranta, inda ko ita ba ta cika leƙawa ba, ta taɓa raya cewa in ta je ƙasar sanyin nan, inda ba Inna, ba Sabo, ba maƙwabta a bayan danga, wata rana za ta kira shi da shi sau ɗaya, a hankali, ta ga yadda fuskarsa za ta yi. Shi ta ajiye wa, ba wata mai tabarau a wuya ba.

Amma kwana take ƙirgawa, kuma ɗakin za a karɓe. Ta yanke shawara ba ta gaya wa kowa ba.

Wata shidan suka cika bayan an gama girbi. Sabo ya tattaro takardu kamar mai shari'ar gona: ta liman da ajami, an fassara ta da boko, ta dagacin Lajawa, ta hedimasta, da wata daga makarantar can mai hatimi ja. Safara'u ta ɗora wasiƙarta a sama. Sai da ta yi jinkiri kafin ta sa ta, don ba ta so baƙon ido ya ga zancen kofin.

Baturiyar nan ce dai, Dalhatu ma na nan da kwat ɗinsa. Aka buɗe fasfo a shafi na biyar, aka jawo wani fayil, aka karanta abin da aka rubuta wancan karon. Takardun liman da dagaci ba su samu ko minti ɗaya ba. Wasiƙar kuwa Dalhatu ya karanta ta da ƙarfi, ya fassara har kofin, mutanen da ke kan benci a baya suna ji. Baturiya ta lura cewa an rubuta ta mako uku bayan an hana bizar. Ta ce wasiƙa ashirin da shida ba sunan mata, ta ashirin da bakwai ta zo da suna da soyayya daidai lokacin da ake bukata.

Sai ta ɗora hannu a kan fom.

“Sunan mijinki.”

Safara'u ta riƙe bakin kantar da hannu biyu. Ta rufe ido.

“Halliru,” ta ce.

Na'urar sanyi na ta ƙugi a bango. Baturiya ta karkato kunne wajen 'yan hujojin gilashin.

“Ta ce ba ta ji ba.”

“Halliru.”

“Ɗaga murya, Malama.”

Ta buɗe ido, ta faɗa karo na uku, da muryar da take tsawata wa 'yan aji biyu, har wani tsoho a kan benci ya ɗago kai. Sunan ya fita ya bugi gilashi, a gaban mutum goma sha wani abu da ba ta san ko ɗaya ba. Baturiya ta ɗaga hannunta ta duba fom, ta gwada abin da ta ji da abin da ke rubuce, ta gyaɗa kai. Sannan ta yi magana mai ɗan tsawo, a natse, ba fushi ba gaba, irin ta wanda ya gama gane komai.

Dalhatu bai dubi Safara'u ba da yake fassarawa. “Ta ce wancan karon ba ki san sunan ba, an ba ki dama har sau uku. Yau kin sani. Ta ce wata shida sun isa a koya wa mutum suna ɗaya. Tana so ta san wa ya koya miki.”

Safara'u ta tsaya tana kallonsa. Kunyar da ta cika ta ɗazu ta tafi, wani abu mai zafi ya maye wurin.

“Malam Dalhatu, kai ɗan wane gari ne?”

Ya hau gyara takardun da ke gabansa.

“Ko ma ina ne, uwa ce ta haife ka. Ka taɓa jin ta kira sunan babanka? Gaya wa matar nan abin da ka sani. Gaya mata ranar da na yi shiru ban yi ƙarya ba, yau da na faɗa ma ban yi ba. Gaya mata abin da ta sa na fitar yanzu shekara uku ina riƙe da shi, ko mai shi bai taɓa ji a bakina ba, ita ta fara ji, kuma ba ta san me aka ba ta ba. Na yi shiru kun ce ba mijina ba ne, na yi magana kun ce ba mijina ba ne. To ta faɗa mini abin da matar aure take yi a ƙasarsu, in yi mata shi a nan.”

Ba ta ɗaga murya ba, amma mutanen benci duk sun juyo suna kallonta. Baturiya ta dubi tafintanta tana jira. Dalhatu ya ce da ita cikin Turanci, matar ta ce ba wanda ya koya mata, kuma ta gode.

Wannan kam Safara'u ta ji shi sarai, Turancinta ya kai nan. Ta buɗe baki ta haɗa nata, kalmomin suka watse mata, abin da ya fito bai wuce na gaisuwar aji ba. Hatimi na biyu ya sauka a shafi na shida. Aka ce mai bi mata ya matso.

A waje Sabo ya taso daga gindin dalbejiya, ya ga fuskarta, bai tambaya ba. Ranar ko tsokana ɗaya bai yi ba har Wudil.

Sun iso bayan la'asar. Inna Hansai na zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa a faifai. Sabo ya gaishe ta ya fice masallaci, don ba ya son ya zama mai faɗa. Safara'u ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa tambayar hanya da ta mutanen Tudun Wada, sannan ta jawo faifan ta kama ɓara.

“Sun sake tambaya?” in ji Inna.

“Sun sake.”

“Kin faɗa?”

“Na faɗa, Inna. Sau uku.”

“Sun ba ki?”

“Ba su ba ni ba.”

Hannun Inna ya tsaya a cikin gyaɗar. Yayan Sabo shi ne ɗanta na fari, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ranar suna ta jiyo shi ta bayan danga daga bakin maroƙi, tun daga ranar shekara talatin da ɗaya bai bi ta bakinta ba. Mai kiransa da shi a gidan, mahaifinsa ne kaɗai, shi kuwa ya rasu tun kafin a yi auren. Ta dubi ƙofar zaure, ta ga ba kowa, ta matso kusa.

“'Yar nan, saura kusan shekara ɗaya da rabi kafin ya dawo, ni kuwa ƙafafun nan kullum ƙara nauyi suke. Tun da bakinki ya riga ya buɗe, faɗa mini shi sau ɗaya. Na daɗe ban ji shi a gidan nan ba.”

Safara'u ta ɗago ta dubi tsohuwar. Ta jiƙa leɓe, ta ja numfashi, ta buɗe baki. Sunan da ya fita sau uku a gaban baƙi ya zo maƙogwaro ya tsaya. Ta sake gwadawa, hawaye suka riga shi fitowa.

Inna Hansai ta kama hannunta ta riƙe a cikin faifan.

“Bar shi,” ta ce. “Na ji.”